Siton Taisto

Takarda ta shigo ta ƙarƙashin ƙofa:
ranar Asabar, daga goma zuwa sha ɗaya,
motar gunduma za ta tsaya gaban majami'a,
kowa ya kawo abin da kwandon shara ba zai iya haɗiyewa ba.

Wata biyar ke nan da binne Taisto, mahaifina,
makullin sitonsa na nan rataye a ƙusa
kamar zancen da kowa ya sani
amma ba mai son ya fara.

Na buɗe. Wari ya riga haske fitowa.
Gwangwanayen fenti goma sha bakwai,
shuɗi ya fi yawa, don shi yake shafa wa kwalekwale
duk shekara in ƙanƙarar Saimaa ta saki ruwa.
Baƙin mai a jarka uku.
Batura sun yi farin gemu a cikin kofin shayi.
Maganin ɓera, ɓerayen ma sun manta da shi.
Sai wata kwalba marar suna
da ban yarda in kai hancina kusa da bakinta ba.

Bayan siton akwai wani fili, faɗin faifai,
inda yake tuttular da mai tun ina goye.
Shekara arba'in, ko ciyawa ta ƙi wurin.
Ba mugu ba ne, ku ji ni da kyau.
Mutum ne da ya ɗauka ƙasa ba ta da ciki,
ya ɗauka abin da ido ya daina gani ya tafi.
Ga shi daga nan zuwa tafki taku sittin ne,
kuma kifin tafkin muka ci muka girma.

Maƙwabciyata Onerva ta leƙo ta kan shinge,
ta miƙo mini safar hannu da tsofaffin jaridu.
Ta ce, kada ki haɗa wani da wani don rage kaya,
bar kowa a gidansa, da murfinsa.
Guba biyu in sun gaisa,
mai tsaye a kansu ke amsawa.

Na jera su a kwali, tsaye, kamar yara a sahu.

A aljihun tebur na same shi,
ma'aunin zafin jiki, siririn gilashi,
zaiba na kwance a gindinsa kamar ɗigon azurfa.
Shi yake sa mini a hammata in zazzaɓi ya kama ni,
ya ɗaga shi saitin fitila, ya ƙanƙance ido,
ya ce, ƙarya kike, gobe akwai makaranta.
Na sa shi a aljihun rigata.
Na ciro. Na mayar.
Na tuna jikata mai rarrafe, mai kai komai baki.
Na naɗe shi da safar ƙafar Taisto.

Gaban majami'a layi ya kai shagon burodi.
Wani da dogon ƙwan lantarki a kafaɗa,
wata da magungunan miji da suka daɗe da wuce wa'adi,
ba mai kallon kwalin wani.

Saurayin da ke karɓa, Ilpo aka rubuta a ƙirjinsa,
bai tambaye ni dalili ba, bai karɓi ko sisi ba.
Ya ɗaga kwalbar nan marar suna, ya ce,
gara da ba ki yi ƙoƙarin sani ba.
Da ya warware safar, ya dube ni,
sannan ya ajiye gilashin a akwati na daban
a hankali, kamar mai kwantar da jariri.

Safar ya miƙo mini.

Na dawo da mota fayau, tagogi a buɗe.
Filin nan na bayan sito bai san an yi komai ba,
yana nan baƙi ƙirin.
Na zauna kusa da shi har la'asar,
ina jin tafki yana lasar duwatsu.